Efidural ga mai naƙuda: yadda za ka tabbatar kateta ta zauna inda ya dace kafin ka tura magani

Duk wanda ya fara koyon efidural, wato allurar baya da ake tura maganin kashe ciwo a filin da ke kusa da laka, hankalinsa kan allura yake. So yake ya ji wannan sakin da sirinji ke yi idan bakin allurar Tuohy, wato allurar efidural, ya huda igiyar naman nan mai tauri ta tsakanin ƙasusuwan baya ya faɗa fili, da ya ji shi sai ka ga ya yi ajiyar zuciya kamar an gama aiki. To ba a gama ba fa. Abin da ke kashe mace ba shigar allura ba ne, maganin da aka tura ta cikin 'yar siririyar robar nan da ake kira kateta ne alhali bakinta yana wani wuri daban. Ƙannena masu koyon aikin sa barci da ku ungozomomi da muke bar wa mata a hannunku in mun juya baya, da ku nake. Mu nan allurar laka ta lokacin tiyata ce muka saba da ita, efidural ta naƙuda sai a manyan asibitocin koyarwa da wasu na kuɗi, hannun da ba ya yin abu kullum kuwa shi ya fi buƙatar tsari. Kuma wannan rubutu ba zai maye gurbin babban da zai tsaya a kanka yana kallon hannunka ba.

Filin da muke nema ɗan siriri ne, 'yan milimita kawai, a bayan tantanin da ya lulluɓe laka da ruwanta. Kitse ne a ciki da ƙananan jijiyoyin jini, kuma a mai ciki jijiyoyin nan a kumbure suke saboda mahaifa ta danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jinin sai ya bi ta baya. Don haka kateta tana iya kaucewa ta faɗa jijiyar jini, ko ta huda tantani ta shiga ruwan laka, ko ta maƙale tsakanin tantani biyu, ko kuma ta karkata gefe guda ta bar rabin jiki da ciwo. Duk binciken da za mu yi kan waɗannan huɗun yake.

Kafin ka taɓa bayanta

Kanula mai kyau a hannu, wadda ka ga ruwa na gudu a cikinta da idonka, ba wadda aka ce maka "akwai" ba. Awon hawan jini na farko a rubuce, bugun zuciyar uwa, bugun zuciyar jariri. Na'urar yatsa mai auna oksijin da bugun zuciya a maƙale tana ƙara, kuma ka duba batirinta don in aka ɗauke wuta a tsakiyar gwaji ba ka da abin dogaro sai ita. Iskar oksijin, jakar hura iska, kayan sa bututun numfashi, efedirin ko fenilefirin, magungunan ɗaga jini in ya faɗi, a zuƙe a sirinji da suna a jiki. Ka san takamaimai inda Intralipid, farin ruwan kitsen da ke karya gubar maganin kashe ciwo a jini, yake a ginin. In mai hawan jinin ciki ce a duba ƙwayoyin daskarar da jini na kwanan nan, wurare da yawa ba sa yi in sun gaza 70,000 zuwa 80,000. In tana kan allurar tsinka jini irin su Clexane, awa 12 bayan ta rigakafi, awa 24 bayan ta magani.

Sai magana da ita, kuma wannan ya fi duk kayan da na lissafa. Ka gaya mata tun kafin a fara: "Hajiya, in na sa magani zan riƙa tambayarki, duk abin da kika ji ki faɗa mini ko da kina ganin ba wani abu ba ne." Zan dawo kan dalilin.

Lissafin santimita

Allurar Tuohy da aka saba tsawonta santimita 8 ne, da zane a kowace santimita. Da sirinji ya saki, tsaya ka ƙirga nawa suka rage a waje ka cire daga 8, wannan ne nisan fata zuwa fili, yawanci 4 zuwa 6. Ka faɗa da ƙarfi Sista ta ji ta rubuta, don wallahi minti biyu nan gaba ka manta. Kateta ana barin santimita 4 zuwa 5 a cikin filin. Wato in ka samu fili a 5, zanen da zai tsaya a fata 9 ne ko 10. Ka bar kaɗan, ta zame ta fito da juye-juyen naƙuda. Ka tura da yawa, ta lanƙwashe ta bi gefe guda ko ta faɗa jijiya.

In tana shiga matar ta ce wani abu kamar lantarki ya ja mata ƙafa ya wuce, wannan yana faruwa. In ya tsaya bai wuce ba, a fito. Kuma kada ka taɓa jan kateta baya alhali allura na ciki, bakin allurar yana iya yanke ta guntu ya zauna a bayan baiwar Allah. In za a fito, allura da kateta tare.

Wani abu da ba a cika gaya wa mutum ba: kar ka manna filasta tana duƙe. Bari ta miƙe zaune ko ta kwanta tukuna, musamman mai jiki, saboda in ta miƙe naman baya yana ƙara kauri ya ja kateta ciki, in ka riga ka ɗaure ta a fata to daga cikin filin za ta zamo.

Zuƙowa

Ka sauke bakin kateta ƙasa da bayanta ka zuba ido na ɗan lokaci, ko jini ko ruwa zai gangaro da kansa. Sannan ka sa ƙaramin sirinji, na mil 2, ba tare da matatar da ake haɗawa a bakin kateta ba, ka ja a hankali. A hankali nake cewa, don in ka fizga da ƙarfi bangon jijiyar sai ya manne a ramukan kateta ya toshe su, ka ga ba komai ka ce lafiya. Ka riƙe jan na daƙiƙu masu ɗan yawa kana kallon robar tun daga inda ta fito daga fata, da fitila mai haske, jinin farko ɗan ja-ja ne siriri yana tafiya kamar tururuwa.

In jini ya fito: ja kateta baya santimita 1, wanke da ruwan gishiri, sake zuƙowa. In ya tsaya kuma har yanzu akwai aƙalla santimita 3 a ciki, ana iya ci gaba da gwaji da taka-tsantsan. In yana ta zuwa, cire ka sake a wani gurbi na tsakanin ƙasusuwan baya. Ni ra'ayina in na ja sau biyu ban samu tsabta ba, ba na jayayya da ita.

In ruwa fari ya fito, tambayar ita ce ruwan gishirin da ka tura ne ko ruwan laka. Na gishiri kaɗan ne, ya ɗiga ya tsaya. Na laka ba ya tsayawa, kana ja yana zuwa, da ɗuminsa, kuma in ka ɗiga shi a takardar gwajin fitsari za ka ga suga.

Akwai kuma gwajin ɗagawa: ka cika kateta da ruwan gishiri ka ɗaga bakinta sama, in tana cikin fili za ka ga ruwan yana sauka sumul, in ka sauke ta ƙasa ya ɗan dawo da 'yan kumfa ba jini. Yana ƙara kwanciyar hankali, amma shi kaɗai ba hujja ba ne. Katetocin yanzu masu ramuka uku a gefe sun sa zuƙowa ta fi ta da amfani sosai, sai dai rami ɗaya yana iya zama a fili ɗaya kuma a jijiya. Don haka rashin ganin jini bai wanke kateta ba.

Maganin gwaji

Wanda aka fi sani shi ne na likitoci Moore da Batra na 1981: mil 3 na lidoken, maganin kashe ciwo, kashi 1.5 da adirenalin 1:200,000. Wato miligiram 45 na lidoken da maikirogiram 15 na adirenalin. Adirenalin shi ke tona asirin jijiyar jini, lidoken shi ke tona na ruwan laka. Don Allah ka karanta kwalbar da ke hannunka, don wanda ya fi yawo a wajenmu kashi 2 ne, wani adirenalin ɗinsa ya fi haka ƙarfi, wani kuma irin babbar kwalbar nan ce da ake ta ɗiba mai sinadarin hana lalacewa, wadda ba ta da hurumi a kusa da laka. Mil 3 na kashi 2 da mil 1 na ruwan gishiri shi ke ba ka kashi 1.5, ka tura uku daga ciki.

Lokacin turawa shi ne komai. Ciwon naƙuda da kansa yana ɗaga bugun zuciya, don haka ka jira mara ta saki, Sista ta sa hannu a ciki ta ce maka ya lafa, bugu ya koma inda yake, sannan ka tura. In a jijiya take, cikin minti ɗaya bugu zai yi tsalle, asalin ma'aunin 20 ne a minti, a masu naƙuda da yawa suna ɗaukar ƙarin 10 a kan mafi yawan abin da take yi kafin gwajin, kuma tsallen ba ya daɗewa, in ka juya kana neman filasta ya wuce ka. Tana iya cewa gabanta ya faɗi ko zuciyarta na dukan uku-uku. In naƙuda ta taso daidai lokacin, gwajin ya lalace, a jira a sake.

Sai ka jira minti 5 cikakku da agogo don ɓangaren laka. Ƙafafu sun yi ɗumi nan take? Sun yi nauyi? Ɗuwawu ya mutu? Ciwon ya ɗauke ɗif cikin minti biyu? Kar ka yi murna da wannan, mil 3 a filin efidural ba ya yin haka. Ka ce ta ɗaga kowace ƙafa a miƙe daga kan gado. In ta kasa, kateta na cikin ruwan laka.

Adirenalin yana da nasa matsalar, yana iya rage jinin da ke zuwa mahaifa na ɗan lokaci, kuma a mai hawan jinin ciki mai tsanani ko ciwon zuciya yana iya yin ɓarna, a mai shan maganin da ke rage bugun zuciya kuma ba zai nuna komai ba. Shi ya sa wurare da yawa yanzu, musamman a Ingila, sun koma amfani da kason farko na maganin naƙudar kansa a matsayin gwaji, wato bufibaken, Marcaine ɗin da muka sani amma maras nauyi ba na allurar laka ba, a tsinke kashi 0.1 da fentanil maikirogiram 2 a kowane mil. Mil 10 na wannan miligiram 10 ne kacal, in ya faɗa ruwan laka za ka ga ƙafa ta mutu ka gane, in ya faɗa jini ba zai kai ga guba ba. Kowanne ka bi, ka bi tsarin sashenku, kar yau wannan gobe wancan.

Abin da ya sa na ce ka yi mata magana

Matanmu an tarbiyyantar da su a kan dauriya. Mai haihuwar fari tun daga gida an ja mata kunne kar ta yi raki ta ba da kunya, ga kunyar namiji a tsaye a bayanta. In ka ce "yaya kike ji?" amsar "lafiya lau" ce ko da ɗakin na juya mata.

Na taɓa yi wa wata yarinya, ba za ta wuce shekara 19 ba, cikin dare. Na zuƙo ban ga komai ba, na tura gwaji, bugu ya ɗan hau amma daidai lokacin mara ta fara murɗawa sai na ɗora wa naƙuda laifin, wanda kuskurena ne, kamata ya yi in sake. Na ce ƙanwata lafiya? Ta ce lafiya lau Likita. Har na ɗauki sirinji na biyu, sai na lura tana ta lasar leɓe tana tattaɓa shi da yatsa. Na ce bakinki fa, me kike ji a ciki? Ta yi shiru, can ta ce kamar ta sa makulli a baki, kuma kunnenta na ƙugi tun ɗazu. Na ajiye sirinjin, na sauke kateta ƙasa na sake ja a hankali, sai ga jini yana tahowa. Muka cire muka sake a gurbin sama, ta haihu lafiya da asuba. Da na tsaya a kan "lafiya lau" ɗin nan ban san inda za mu kwana ba.

Don haka tambaya ɗaya-ɗaya, da sunan abin: bakinki na ɗanɗanon ƙarfe? Leɓe ko harshe ya yi mindirya? Kunne na ƙara? Jiri? Ido na ganin dishi-dishi? Kuma ka kalli fuskarta, mai surutu da ta yi tsit ko mai shiru da ta fara sambatu duk magana ce. In ba ta jin Hausa sosai, Bafulatana ce ko Babarbariya, a nemo mace mai jin harshenta ta tsaya a gabanta tun kafin a fara. Sai dai ka sani miligiram 45 ba kullum yake kawo waɗannan alamu ba, rashinsu ma bai wanke kateta ba.

Kowane kaso gwaji ne

Kateta tana tafiya. Wadda ta zauna daidai da ƙarfe 10 tana iya huda jijiya ko tantani da ƙarfe 2. Saboda haka duk lokacin da za a ƙara magani: duba zanen da ke fata ko yana inda aka rubuta, zuƙo, tura mil 3 zuwa 5, jira minti 3 zuwa 5 kana mata magana, sannan na gaba. Awon jini kowane minti 5 har minti 20, ana sauraron jariri, ita kuma a karkace ba rigingine ba. Kafin ka haɗa sirinji ko leda, bi robar da yatsanka har bayanta ka tabbatar ba kanula ka kama ba. A 2004 a Ingila wata mai jego ta rasu saboda an haɗa mata ledar bufibaken a hannu a maimakon ƙarin ruwa, irin wannan ne ya kawo mahaɗan NRFit masu ruwan ɗorawa da ba sa shiga kanula. Mu da ba mu da su, filasta da rubutu babba a jikin kateta, kuma ledar efidural ba ta kwana a durowa ɗaya da ledar ƙarin ruwa.

Bayan minti 15 zuwa 20 sai a duba inda magani ya kai. Ƙanƙara ko auduga da sifirit, ka fara taɓa mata a goshi ko dantse ta san sanyin, sannan ka bi ciki daga ƙasa zuwa sama, dama da hagu daban-daban. Cibiya ita ce T10 a lambobin da ake ba matakan jijiyoyin laka, nan muke so a matakin farko na naƙuda. Ƙarshen ƙashin ƙirji T6, kan nono T4. Ka taɓa tafin ƙafafunta da bayan hannunka, in magani na aiki duka biyun za su yi ɗumi su bushe. Ɗaya ɗumi ɗaya sanyi, kateta ta karkata: ja ta santimita 1, kwantar da ita ta gefen da ke ciwo, ƙara kaso. In bai gyaru ba a cire a sake, kar a yi ta lallaɓawa.

Wanda na fi jin tsoro shi ne wadda aka tura mata mil 15 ko 20 amma ba abin da ya canza, ba ɗumi, ba mutuwar fata, ciwo na nan. Tsinkakken magani in yana tafiya cikin jini ba ya nuna komai sai rashin aiki. Irin wannan katetar ce in aka ce a wuce tiyata da gaggawa aka danna mata mil 20 na magani mai ƙarfi sai mace ta fara jijjiga. Tun 1979 wani likita mai suna Albright ya ja hankali kan tsayawar zuciya da bufibaken, har a 1983 hukumar magunguna ta Amurka ta hana amfani da mai kashi 0.75 ga masu haihuwa. Katetar da ba ka yarda da ita ba a ɗakin haihuwa, kar ka yarda da ita a tiyata.

Katetar da ta maƙale tsakanin tantani biyu kuwa mayaudariya ce, zuƙowa ba komai, gwaji lafiya, sai bayan minti 15 zuwa 30 ka ga magani ya haura har ƙirji ko wuya, tsalli-tsalli, wani wuri ya mutu wani bai mutu ba, ƙafa na motsi, ƙasan mara na ciwo, wani lokaci fatar ido ɗaya ta sauko. A daina amfani da ita, a cire.

In abu ya ɓaci

Magani ya haura sama: yatsun hannu na mindirya, ta kasa matse hannunka, murya ta koma raɗa, numfashi na wuya, jini da bugu na sauka. Tsayar da magani, ƙwala kira, oksijin, ture mahaifa hagu, buɗe ruwa, efedirin miligiram 6 ana maimaitawa, atirofin in bugu ya faɗi, in numfashi ya gaza a sa bututu. Kana yi kana mata magana, don sau da yawa tana ji.

Guba a jini: in mai efidural ta yi jijjiga jim kaɗan bayan an tura magani, kar bakinka ya yi saurin cewa jijjigar masu ciki ce don ita muka saba gani. Tsayar da magani, oksijin, midazolam ko dayazefam don tsayar da jijjigar, sannan Intralipid kashi 20, mil 1.5 a kowane kilo cikin minti 2 zuwa 3, wato kusan mil 100 ga mai kilo 70, a bi da mil 15 a kowane kilo a awa, jimilla kar ta wuce mil 12 a kowane kilo. Farin firofofol, maganin sa barci, ba ya maye gurbinsa. In zuciya ta tsaya a fara danna ƙirji wani na ture ciki hagu, in minti 4 ya wuce ba ta dawo ba a ciro jariri nan inda take, kuma kar a gaji da wuri, bufibaken yana daɗewa kafin ya saki zuciya.

In ka tabbatar kateta na cikin ruwan laka, wasu suna barinta su riƙa ba da ɗan ƙaramin kaso irin na laka. A wurin da Sista ɗaya ke riƙe da mata shida kuma za a canza aiki da safe, ni cirewa nake in sake a wani gurbi in rage kaso, don ranar da wani ya ɗauke ta efidural ce ya tura mil 10 an shiga uku.

Miƙa aiki da cirewa

A rubuta gurbin da aka shiga, nisan fili, zanen da ke fata, abin da aka gwada da abin da aka gani, lokaci da yawan kowane kaso. Sista ta riƙa sa ta ɗaga ƙafa kowace awa, ƙafar da ta yi nauyi fiye da ƙarfin maganin da ake ba ta dalilin kira ne nan take. Bayan haihuwa a cire a hankali, in ta ƙi fitowa a kwantar da ita yadda aka sa ta a sake gwadawa ba fizga, a duba bakin mai launi ya fito cikakke mutum biyu su gani, kuma a lura da lokacin allurar tsinka jini kamar yadda aka lura wajen sawa. In awa 4 ta wuce da kason ƙarshe ba ta iya ɗaga ƙafa a miƙe, a kira mai sa barci, ba a jira zagayen safe.

Kafin a sallame ta ka samu mahaifiyarta ko wadda za ta yi mata zaman jego ku yi magana tare. Kar a fara wankan ruwan zafi sai jin ƙafafu da ɗuwawu ya dawo sarai, fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. In ta samu ciwon kai mai tashi in ta zauna ya lafa in ta kwanta, ko zazzaɓi da ciwon baya mai ƙaruwa, ko ƙafa ta sake yin nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, su dawo da ita ranar, kuma su gaya wa duk wanda suka tarar cewa an yi mata allurar baya.